Haihuwar Wada: Daga Ina Abin Yake Fitowa?

  Yau a kan wadanni za mu tattauna: me ke sa a haifi wada, yaushe abin yake bin jini, yaushe kuma yake faɗowa gidan da ba a taɓa ganinsa ba.

Duk wanda ya san kasuwar Idumota ta nan Legas a zamanin kaset da faifan sidi ya san daga nan ake rarraba finafinan Kudu zuwa ko'ina. A farkon shekarun 2000 fim ɗin Aki na Ukwa ya fito da Chinedu Ikedieze da Osita Iheme, wato Aki da Pawpaw, hotunansu suka cika bangon kasuwar, aka kalle su har Kano da Maradi. Da yawanmu a allon talabijin muka saba ganin gajeren mutum, kuma kullum a matsayin abin ban dariya. Sai muka haɗa kowa a suna ɗaya, alhali likitoci sun lissafa sama da nau'i 200 na irin wannan gajarta. Akwai wanda jikinsa duka ƙarami ne, komai daidai wa daida. Akwai kuma wanda gangar jikinsa ta babban mutum ce, hannaye da ƙafafu ne gajeru. A cikin wannan kashi na biyu, wanda ya fi yawa a duniya shi ne wanda likitoci ke kira akondurofilasiya, kuma shi ne maganarmu ta yau.

Ungozoma mai ido takan gane irin wannan jariri tun ranar haihuwa. Kansa ya ɗan fi na sauran jarirai girma, goshi ya turo gaba, karan hanci ya lotsa. Damtse da cinya su ne suka fi gajarta. In kika buɗe tafin hannunsa za ki ga yatsun gajeru, da rata tsakanin na tsakiya da wanda ke kusa da ƙarami, har hannun ya rabu gida uku. Gwiwar hannu ba ta miƙewa ƙarshe. Idan ya girma, namiji yakan tsaya wajen santimita 131, mace kuma wajen 124. Hankalinsa kuwa lafiya lau yake. Zai haddace Alƙur'ani, zai yi boko har jami'a, zai riƙe shago ya yi lissafinsa ba tare da an cuce shi ko sisi ba. Ana samun mutum ɗaya a cikin haihuwa kusan 25,000, kuma a duniya an ƙiyasta akwai mutum kamar 250,000. Babu ƙabilar da abin ya ware: akwai shi cikin Hausawa da Yarbawa da Ibo, akwai shi cikin Larabawa da Turawa da Sinawa.

To, me ke kawo shi? Ku ba ni aron hankalinku a nan.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya Allah Ya ajiye rubutaccen umarni na yadda jiki zai kasance, an kasa shi kashi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. A jikinsu akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000, kuma kusan kowacce guda biyu muke da ita, ta wajen uwa da ta wajen uba. A kuromosom na 4 akwai wata da masana suka sa wa suna FGFR3. Dogayen ƙasusuwan yaro daga bakinsu suke ƙara tsawo, inda guringuntsi ke tohowa yana rikiɗewa ya zama ƙashi. Aikin wannan ƙwayar gado shi ne ta taka wa guringuntsin birki don kada ya wuce ƙa'ida. Kowa yana da ita, ni da ku duka. A jikin wada birkin ne ya kama, ya ƙi saki. Direban danfo ya san motar da birkinta ya kama: inji lafiya, tanki cike da mai, amma da ƙyar take ja, kuma ko ka ƙara mata mai ba za ta ƙara gudu ba. Shi ya sa ɗura wa yaron abinci ko maganin ƙarin jini ba ya ƙara masa tsawo, sai dai ƙiba, ita kuwa ƙiba wahala ce ga bayansa da gwiwoyinsa.

A 1994 aka gano wannan ƙwayar gado, a ɗakin binciken Dakta John Wasmuth na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka, da kuma wajen wasu masana a birnin Paris a shekarar dai. Abin da ya ba su mamaki shi ne ƙanƙantar canjin. Rubutun halittar mutum ya kai harafi biliyan 3, amma harafi ɗaya tak ne ya sauya, kuma a kusan kowane mai wannan halitta wuri ɗaya ne ya sauya. Wadan da ke Agege da wanda ke Tokyo, harafin nan guda ne ya haɗa su.

Yanzu ga inda nake so kowane magidanci da kowace suruka su kasa kunne. A cikin wadanni 100 masu wannan nau'i, kusan 80 iyayensu masu tsayi ne irin na kowa, kuma ko an bi dangi har kaka da kakanni ba za a sami wada ba. Canjin sabo ne fil, a kan wannan yaron ya fara. Amma me ke faruwa a gidajenmu? Tun kafin a yi suna an fara ƙus-ƙus. Dangin miji su ce, mu dai a zuri'armu babu wada, daga ina ta kwaso mana? Wata ta ce ai da tana da ciki ba ta jin magana, tana fita da tsakar rana da almuru, aljanu suka musanya mata. Wata ta ce ta yi wa wani dariya ne abin ya dawo mata. Mafi muni, a fara zargin ko ɗan ba na mijin ba ne. Mai jego tana fama da ciwon haihuwa, ga jariri mai buƙatar kulawa ta musamman, ga kuma wannan ƙazafi a kanta. Wannan zalunci ne, kuma ba shi da tushe ko kaɗan. Babu abin da mace za ta ci, ko ta gani, ko ta taka, ko ta faɗa da ciki wanda zai sauya wannan harafi. An riga an gama maganar tun ranar da cikin ya shiga.

Malamanmu sun san hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, na mutumin da ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa saboda launin yaron ya saɓa da nasa. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya nuna masa cewa a cikin jajayen raƙuma ma akan sami mai wani launi daban, bai kuma ba shi damar kore ɗan ba. Saɓanin kama ba hujja ba ce a shari'a, kuma ilimin likita na yau bai ce wani abu daban ba.

Akwai ƙarin bayani wanda zai yi wa wasu maza nauyi, amma dole a faɗa. Tun a 1912 wani likitan Jamus, Wilhelm Weinberg, ya lura cewa irin waɗannan yara sun fi fitowa cikin 'yan auta. A 1955 Lionel Penrose a Ingila ya nuna cewa shekarun uba ne ke da alaƙa da abin, ba na uwa ba, ba kuma yawan haihuwarta ba. A 1998 aka bi diddigi a iyalai 40 da iyaye masu tsayi suka haifi wada, aka tarar a duka 40 ɗin sabon canjin ta wajen uba ya zo. Dalilin a fili yake. Ita mace da ƙwayayenta ake haihuwarta, a ajiye suke. Shi kuwa namiji, tun daga balaga ƙwayoyin da ke samar da maniyyinsa suke ta rabuwa suna kwafar rubutun nan, kusan duk kwana 16, har tsufa. Abin da aka kwafa sau ɗaruruwa, wata rana harafi zai goce. Shi ya sa yiwuwar takan ƙaru idan uba ya haura shekara 35, ta ci gaba da ƙaruwa yana ƙara manyanta.

Ban faɗi wannan don a sauke laifi daga kan uwa a ɗora wa uba ba. Shi ma bai aikata komai ba, bai sani ba, ba shi da ikon hanawa. Dattawa nawa ne a Agege suke haihuwa da furfura, 'ya'yansu garau? Kusan dukkansu. Matashi ɗan shekara 25 ma yana iya haifar wada. Abin da nake so a gane shi ne, mutumin da ya saki matarsa ko ya ƙaurace mata don ta haifi wada ya hukunta wadda ko ta fuskar jini ma ba ta wajenta abin ya biyo ba. Kuma idan ma'auratan nan suka zauna suka ci gaba da haihuwa, yiwuwar su sake samun wada ba ta kai ɗaya cikin 100 ba.

Sai kuma gadon kansa, idan wada ya girma ya yi aure. A nan mutane kan rikita shi da sikila, don ita muka fi sani. A sikila sai yaro ya karɓo daga uwa da uba duka kafin ciwon ya bayyana. Mai AS, wato wanda ya karɓo daga ɓangare ɗaya kawai, lafiyarsa ƙalau amma yana ɗauke da ita a ɓoye. Shi ya sa ake gwajin jini kafin aure, har Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Akondurofilasiya ba haka take ba. Ƙwayar gado guda ɗaya da ta sauya ta isa ta bayyana, kuma ba ta ɓuya. Wanda yake da ita za a gani a jikinsa, wanda ba a gani a jikinsa ba, ba ya ɗauke da ita. Gwajin AA da AS da ake yi kafin ɗaurin aure ba ruwansa da wannan.

Ku lura da abin da hakan ke nufi ga 'yan'uwan wada. Yarinya mai tsayi wadda yayanta wada ne, ko ma mahaifinta ne wada, ba ta da abin da za ta gadar wa 'ya'yanta ta wannan fuska. Daidai take da kowace yarinya a unguwa. Don haka masu zuwa bincike kafin aure su dawo su ce a fasa, gidan akwai wada, sun hana ɗansu mace ba gaira ba dalili. Haka nan auren zumunci ba shi ke kawo wannan nau'i ba. Akwai wasu cututtukan gado, har da wasu nau'o'in gajarta da ba kasafai ake gani ba, waɗanda auren dangi ke ƙara yiwuwarsu, amma wannan ba ya cikinsu.

Idan ɗaya daga cikin ma'aurata wada ne, ɗayan mai tsayi, kowane ciki rabi da rabi ne: ko yaro ya ɗauko ƙwayar da ta sauya, ko ya ɗauko ɗaya lafiyayyar. Namiji da mace duk ɗaya ne a wannan. Kuma kowane ciki da lissafinsa. Don na fari ya zo wada ba ya nufin na biyu zai zo dogo. Ana iya jera uku masu tsayi, ana iya jera uku wadanni.

Idan kuma miji da mata duka masu wannan nau'in ne, lissafin ya kasu huɗu a kowane ciki. Kashi ɗaya, yaro ya zo da tsayi irin na kowa. Kashi biyu, ya zo kamar iyayensa. Kashi ɗayan da ya rage shi ne mai ciwo: yaro ya karɓo daga ɓangare biyu, ƙirjinsa ya yi ƙanƙanta har huhu ya rasa wurin buɗewa, kuma irin wannan jariri yakan rasu a ciki ko cikin watannin farko. Ba na cewa kada su yi aure. Sau da yawa su suka fi fahimtar juna, kuma aure haƙƙinsu ne kamar kowa. Amma su shiga da saninsu, su zauna da likita tun kafin ciki. Ita kuma mace wada, ko wane ne mijinta, ƙugunta ba ya ba da hanyar haihuwa da kanta. Tiyata ake yi mata. Kada a gwada haihuwar gida, kada a tsaya jiran naƙuda ta yi nisa. Ta fara awo da wuri a babban asibiti, irin asibitin koyarwa na LUTH da ke nan Idi-Araba, ko LASUTH a Ikeja, ko asibitin haihuwa na Island, a sa ranar aiki tun da sauran lokaci.

Kada kuma mu ɗauki kowane gajeren yaro mu ce gado ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma a Arewa maso Yamma abin ya haura rabi. Akwai kuma yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa don ƙashinsu bai sami sinadarin kalsiyam isasshe ba. Waɗannan ana magance su, kuma jinkiri ne ke ɓata su. Likitan yara ne zai bambance, yawanci da duba jiki da hoton ƙashi.

Bari in juyo gare ku iyaye mata da kakanni, don shekara biyun farko su ne masu hatsari. A gindin ƙoƙon kai akwai ƙofar da laka ke bi ta sauka cikin ƙashin baya. A jaririn wada ƙofar nan matsattsiya ce, ga kai mai nauyi, ga wuya mai laushi. Idan kai yana reto, laka na iya matsuwa, numfashi ya tsaya. Saboda haka wasu abubuwan da muka gada wajen renon jarirai ba su dace da shi ba. Wajen wanka, kada a cilla shi sama a cafe, kada a riƙe ƙafafunsa a juya shi kai ƙasa, kada a ja gaɓoɓinsa wai don su miƙe. Ba za su miƙe ba, sai dai a ji masa ciwo. Goyo ma sai da lura. Kin san yadda jariri kan yi barci a baya, kansa ya langaɓe gefe, bayansa ya lanƙwashe cikin zani, ke kuwa kina ta kutsawa cikin cunkoson Idumota ko kina tsallake kwata. Ga wannan yaro, hakan na iya cutar da wuyansa, ya kuma sa masa ƙusumbi. A watannin farko gara a rungume shi a gaba, hannu ɗaya a ƙeya, ɗaya a baya. Kada a kewaye shi da matasai ko a dasa shi cikin kwali don ya koyi zama kafin ya iya da kansa. Zai yi jinkirin zama da tafiya, wani sai ya kusa shekara biyu ko ya haura kafin ya taka, kuma hakan ba alamar taɓin ƙwaƙwalwa ba ce.

Idan kika ji yana munshari mai ƙarfi, ko numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ko jikinsa ya saki, ko kai yana girma da sauri maɗiga ta kumbura, wannan na gaggawa ne, a nufi asibiti a ranar. Asibitin yara na Massey yana nan cikin Island, ba nisa da Idumota. Ciwon kunne ma yana yawan kama su, kuma idan aka bar shi yana taɓa ji, ya jawo jinkirin magana, har a ɗauka yaron ba shi da fahimta alhali ji ne ba ya yi sosai. Lanƙwasar ƙafa da ciwon baya kuwa aikin likitocin ƙashi ne, irin na Igbobi a nan Legas ko na Dala a Kano.

Na san za a tambaya, shin akwai magani? A 2021 hukumomin Turai da na Amurka sun amince da wata allura mai suna vosoritide, wadda ke ɗan sassauta matsin da ke kan guringuntsi. Kullum ake yin ta, ga yaran da ƙashinsu bai rufe ba, kuma abin da take ƙarawa kamar santimita ɗaya da rabi ne a shekara. Tsadarta ta fi ƙarfin kusan kowa a cikinmu, kuma ba ta canza ƙwayar gadon. Wanda aka yi wa zai iya gadar wa ɗansa. Idumota kasuwar magani ce babba, kowa ya sani. Duk wanda ya miƙo maka kwalba ko ƙwaya ko garin sassaƙe ya ce zai ƙara wa wada tsawo, riƙe kuɗinka. Kuɗin nan ya fi amfani a awon kunne da kuɗin makaranta.

Wadanni ba baƙi ba ne a tarihin nahiyarmu. A Masar, sama da shekara 4,000 da suka wuce, an yi wani babban ma'aikacin fada mai suna Seneb. Mutum-mutuminsa yana gidan tarihi na Alƙahira, yana zaune da matarsa mai tsayi da 'ya'yansu. A masarautar Benin an ƙera siffofin wadannin fada da tagulla, biyu daga ciki suna birnin Vienna tun bayan da Turawan Ingila suka wawashe fadar a 1897. A yau kuwa abin da ya fi damun wada a titunanmu shi ne mutane: yaran da ke bin sa da ihu, manya da ke ɗaga waya su ɗauki hotonsa ba izini, mai shagon da zai ɗauke shi aiki don ya tara masa 'yan kallo. Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Mutumin nan yana da sunan da aka raɗa masa, a kira shi da shi. In magidanci ne a ce Malam ko Alhaji, a gaishe shi gaisuwar manya, kada a shafa kansa kamar yaro.

A gida da makaranta da masallaci, gyaran da ake buƙata kaɗan ne: ɗan benci a gindin famfon alwala, abin taka ƙafa a ƙarƙashin kujerar aji don kada ƙafafunsa su yi ta lilo su sa masa ciwon baya, sakata da makunnin wuta a inda hannunsa zai kai. Doka ma tana bayansa. Jihar Legas tana da dokar masu buƙata ta musamman tun 2011, da hukumar LASODA mai kula da ita, kuma a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar ƙasa da ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci. Idan makaranta ta ƙi karɓar ɗanka saboda tsayinsa, ko aka hana shi aiki don haka kawai, akwai inda za ka kai ƙara, kuma ka kai.